Adireshin da ke Sunan Tela

Bidiyon gajere ne, amma kafin rana ta faɗi babu wayar da bai shiga ba a layin. Wani tsoho ne a kan gado, an tuɓe masa riga, mai jinya tana goge masa jiki, shi kuwa yana kuka kamar yaro yana kiran mahaifiyarsa. Wani marar tsoron Allah ya ɗora kiɗa a kai, ya manna hotunan dariya. Duk wanda ya taɓa zama a layin ya gane shi. Baban bene ne, tsohon malamin makarantar da ya koya wa rabin iyayen unguwar karatu, wanda shanyewar ɓarin jiki ta kwantar. Daga sama aka ɗauki hoton, ta kyamarar da ɗansa ya sa aka kafa masa a ɗaki.

Ni ban gani ba sai da matar Tela, mai shagon ɗinki a ƙasan benen tsohon, ta zo ofishina, idan har za a kira ɗaki mai tebur ɗaya da fanka mai ƙorafi ofis. Na yi shekaru ina ja wa kamfanin intanet waya a kan falwaya, da gwiwoyina suka gaji da tsani sai na koma bin sawun abin da ke bi ta cikin wayoyin. Mai-bin-sawu ake ce min, kuma yawancin masu zuwa wurina sun riga sun yi kukansu a hanya. Ita ba ta yi ba. Idonta a bushe, ta ajiye wayar a gabana.

"Sun kama maigidana, 'yar'uwa. Wai daga adireshinsa abin ya fita."

"Shi ya yi?"

"Mutumin da ko hoton ɗinkinsa ni ke ɗaukar masa? Amma wa zai saurare ni? Tun jiya mata ke cewa ashe har a ɗakin awo ya ɓoye kyamara. Sana'arsa fa ta mata ce. Idan sunan nan ya zauna masa, mun gama yawo."

Na kalli bidiyon sau ɗaya, na kife wayar. Raina ya ɓaci ƙwarai, don tsohon ya yi kama da kowane uba.

*

Sufeton da ke riƙe da maganar ba mugu ba ne, mai son a gama da wuri ne kawai. Ya nuna min abin da suka samu. Akwai wani shafi na 'yan leƙen asiri da ke nuna kyamarorin gidajen mutane kai tsaye, ƙarƙashin kowace akwai lamba, wato adireshinta na intanet. Daga nan aka yanko bidiyon. Sun kai lambar kamfanin intanet, kamfani ya ce layin shagon Tela ne.

"Lamba ba ta ƙarya," ya ce.

"Ba ta yi ƙarya ba, ranka ya daɗe. Sai dai lambar gida ce, ba ta mutum ba."

Ya ɗaga gira, ni kuwa na gyara zama, don bayanin nan na yi shi har ya zame min kamar gaisuwa. Waɗanda suka tsara intanet tun farko sun ware adireshi wajen biliyan huɗu, a ganinsu har abada ba za su ƙare ba, tunda a lokacin kwamfuta sai manyan ofisoshi da jami'o'i. Sai ga shi kowa ya sami waya, wani biyu, har talabijin da kyamara suna neman nasu. Adireshi ya fara ƙarewa. Dabarar da aka yi ita ce a ba gida guda adireshi ɗaya na waje, akwatin intanet ɗin nan mai ƙyafta fitila ya raba wa na'urorin ciki wasu lambobi na cikin gida, waɗanda ba su da amfani a waje. Saƙo zai fita, akwatin ya cire lambar ɗaki ya manna ta gida. Amsa ta dawo, ya tuna wanda ya aika, ya miƙa masa. A sana'armu NAT muke ce wa wannan.

"Wato duk wanda ke kan layin, da sunan Tela yake fita?"

"Har jaririn da ke kallon katun."

Ya sosa haɓa.

"To ki kawo min wanda ya yi. Kafin nan, wanda sunansa ke kan layi yana hannuna, kuma ɗan tsohon ya rantse sai kotu ta raba su."

Ya bar ni na ga Telan. Ɗan siririn mutum ne, hannunsa sai kai wa wuya yake yana lalubar tef ɗin awo da aka karɓe masa. Ya ce shi ya jawo layin don matarsa ta riƙa tura wa masu kaya hotunan ɗinki, da maƙwabta suka roƙa sai ya ba kowa lambar sirrin, sama da ƙasa. Ya amsa cewa yana shiga ɗakin Baba, kusan kullum ma, don shi ke ɗinka masa riguna masu maɓalli a kafaɗa, waɗanda ake cirewa ba tare da an ɗaga shi ba.

Na tashi zan tafi ya kira ni.

"Baiwar Allah, Baba ya san abin da ake yawo da shi?"

"Ban sani ba tukuna."

"Don Allah kada a gaya masa. Mutum ne mai kunya."

*

Gidan bene ne hawa ɗaya. A ƙasa shagon Tela da ɗakunansa a baya, kusa da shi shagon mai gyaran waya. A sama Baba da mai jinyarsa. Ina isowa masu zaman bakin layi suka yi tsit, irin tsit ɗin da ke nuna kai ake ci. Wata mata mai sayar da ruwan sanyi ta ce min, ba tare da na tambaye ta ba, ai dama mai yawan shiru abin tsoro ne. Wani kuma ya ce shi tun da can bai yarda da mai gyara ba. Kowa da ɓarawonsa a aljihu.

Ni ma mai gyaran na fara zargi, gaskiya. Shi ya kafa kyamarar, shi ya san waya, kuma da na shiga shagonsa ya ƙi haɗa ido da ni, sai hura wata buɗaɗɗiyar waya yake kamar mai fifita wuta.

"Ni na sa ta, ban musa ba," ya ce. "Amma na cikin gida na saita ta. Mai jinya na kicin, ta duba wayarta ta ga Baba. Tana fita layi, hoton ya ɗauke. Kin fi ni sanin dalili, Anti."

Na sani. Akwatin nan kamar maigadi ne da ba a ɗauke shi don gadi ba, aikinsa miƙa saƙo kawai. Amma idan baƙo ya ƙwanƙwasa daga waje, kuma babu wanda ya aika a kira shi daga ciki, maigadi bai san ɗakin da zai kai shi ba, sai ya sallame shi. Da wannan rashin sanin ne gidaje da yawa ke kwana lafiya, masu su ba su ma san ana tsaron su ba. Na waje ba ya ganin kyamarar ciki, sai in wani ya gaya wa maigadin cewa duk wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa kaza a kai shi ɗaki kaza.

"Kai ka buɗe mata ƙofa?"

"Wallahi a'a. Manaja, ɗan Baba, ya taɓa cewa in yi yadda zai riƙa gani daga garin da yake aiki. Na ce ya bari in samu lokaci in yi shi yadda ya kamata. Bai sake tada maganar ba, ni ma na manta."

"To me ya sa kake ɓoye ido?"

Ya ajiye wayar, ya yi ƙasa da murya.

"Na tura wa mutum biyu bidiyon kafin na gane Baba ne. Ina dariya na tura."

Na so in zage shi, sai na ga ya riga ni. Muka shiga shagon Tela tare. 'Yan sanda sun tafi da wayar Tela, sun bar akwatin a bango yana ta ƙyafta fitilarsa sama da keken ɗinki. Na gwada shiga cikin saitinsa da lambar da kamfani ya buga a ƙasansa, ta ƙi. Wani ya canza makullin. Mai gyara ya ce mu danna ɗan maɓallin baya ya koma sabo, na buge masa hannu, don hakan zai share duk abin da nake nema.

*

Manaja na samu a falon sama, babban mutum mai furfura a gefen kai, ya baro aikinsa ya taho tun da abin ya faru. Ya cire kyamarar daga bango ya jefa ta kan kujera, wayarta na reto. Bai ce in zauna ba.

"Ke ce aka ɗauko ki wanke shi?"

"Ni ba wanki nake ba, Yallaɓai. Sawu nake bi."

"Sawu ya riga ya kai shagonsa. Mutumin da muka ɗauka ɗan'uwa, yana shiga har gadon mahaifina! Kin san waye mahaifina? Mutumin da ko hula bai taɓa fita babu ita ba. Yau yara na kwaikwayon kukansa a layi."

A nan ya juya min baya. Na tausaya masa, ba kaɗan ba. Na tambaye shi su wa ke iya ganin kyamarar, ya ce mai jinya, ya ƙara da cewa ita ma bai cire ta daga zargi ba, don ba kullum take yin abin da aka ce ba. Tana barin taga a buɗe, tana daɗewa a waya. Na lura ya san abubuwa da yawa game da ɗakin da ba ya kwana a cikinsa, amma na ɗauka 'yan kai rahoto gare shi, kowane gida akwai su.

Mai jinyar tana kicin tana wanke kofuna da suka riga suka fita. Dattijuwa ce, ta yi aikin asibiti kafin ta koma jinya a gidaje. Fuskarta ma tana cikin bidiyon, ba wanda ya tuna ya yi mata jaje.

"Ni da zan wulaƙanta Baba, ai da na wulaƙanta kaina," ta ce. "Ga wayata, duba duk abin da kike so."

Na duba, babu komai sai hotunan jikoki. Na tambaye ta yadda take da Manaja. Ta ce mutumin kirki ne, sai dai faɗa, amma irin son da yake wa mahaifinsa ba ta taɓa gani ba.

"Jini ba wasa ba ne, 'yata. Akwai ranar da na sauka shanya a bayan gida, Baba ya zame daga gado. Ban ji ba, wayata ma ba ta kama hoton daga can. Sai ga kiran Manaja, daga can garin da yake, yana ihu: ki hau sama, Baba ya faɗi ta gefen taga! Na hau da gudu na same shi a ƙasa. Na ce ikon Allah, jikinsa ne ya ba shi."

Na ajiye kofin da ta ba ni.

"Ya ce ta gefen taga?"

"Haka ya ce. Kuma nan ɗin ne."

Jiki yana ba mutum cewa wani abu ya faru. Ban taɓa jin jikin da ke faɗin ta wane gefen gado ba. Na roƙe ta ta ɗauko min kyamarar idan Manaja ya shiga wanka, muka jona ta a kicin, muka juya ta tana kallon bango. Na sauka, na tsallaka titi, na kashe layin gidan a wayata na kunna nawa, na rubuta adireshin Tela da ƙofar da irin wannan kyamara ta saba amfani da ita. Kyamarar ta tambayi lambar sirri. Na sa wadda ake sayar da ita da ita, wadda ke rubuce a jikin kowane kwali a kasuwa.

Bangon kicin ya bayyana a tafin hannuna, har da inuwar mai jinya tana wucewa. Ban yi murna ba.

*

Washegari da hantsi na tara su a shagon Tela. Sufeto ya zo da Telan, ya zaunar da shi kan kujerar kekensa. Matarsa na tsaye a bayansa, mai gyara a bakin ƙofa, mai jinya kan bencin masu jiran kaya. Manaja ya sauko daga ƙarshe, ya ƙi zama. A waje mutanen layi sun cika taga, ban kore su ba, don da gangan na bar ta a buɗe.

Na miƙa wa Sufeto wayata ya ga bangon kicin, na nuna masa ba a kan layin gidan nake ba.

"Babu wanda ya ɗauki bidiyo ya tura daga gidan nan," na ce. "Kyamarar ce ke nuna kanta ga duk wanda ya ƙwanƙwasa. Akwai mutanen da ba su da aiki sai sa kwamfuta ta bi adireshin duniya ɗaya bayan ɗaya tana taɓa ƙofofi, wadda ta buɗe su leƙa. Ta gidan nan ta buɗe, saboda wani ya shiga akwatin can ya ce a riƙa kai baƙo ɗakin Baba. Ya canza wa akwatin makulli don ya tsare gida, ya manta da na kyamarar."

"Waye?" Sufeto ya tambaya.

Na juya wurin Manaja.

"Yallaɓai, ranar da Baba ya faɗi, ta yaya ka san ta gefen taga ne?"

Manaja ya kalli akwatin, ya kalli mai jinya, na ga lokacin da abin ya faɗo masa, don fuskarsa ta sauya gaba ɗaya.

"Ni kaɗai ne ke gani," ya ce a hankali. "A bidiyon da na bi na koya, an ce ni kaɗai..."

Tela ne ya yi magana, ba da faɗa ba, kamar mai tuna wani abu na daɗi.

"Zuwanka na baya ne ko? Da ka ce za ka duba abin da ya sa layi ke nauyi. Ni na ba ka kujerar nan ka taka."

"Me ya sa ba ka faɗa mana ba tun farko?" Sufeto ya ce.

Manaja bai ɗago ba.

"Ban so mai jinya ta san ina kallonta ba. Ina so in ga yadda take masa idan ba kowa. Kuma ban taɓa kawo wa raina cewa wannan da wancan abu ɗaya ne ba. Da aka ce adireshin Tela, sai na..."

Mai jinya ta miƙe, ta gyara mayafinta.

"To ka gani? Ka ga yadda nake masa?"

"Na gani, Inna. Ban taɓa ganin abin ƙi ba."

Ta haye sama ba ta ƙara kallon kowa ba. Manaja ya durƙusa a gaban keken ɗinki, babban mutum da shi, yana cewa Tela ya yafe masa. Tela ya ce ya tashi, ya tashi don Allah, mutane na kallo. Matar Tela ta kau da kai, kuma ban ga laifinta ba.

Manaja ya faɗa min sabon makullin akwatin. Rufe ƙofar bai kai ni lokacin zura zare a allura ba.

*

Wanda ya yanko bidiyon ya ɗora masa kiɗa, ban same shi ba. Na bi sawunsa iyakar iyawata, ya ƙare a adireshin wani kamfanin waya da dubban mutane ke fita ta cikinsa. Abin da ya jefa Tela a ɗakin 'yan sanda shi ne ya ɓoye wancan, kuma wannan yana ci min rai har yau.

An saki Tela a ranar. Manaja ya yi abin da ya kamata, ba zan hana shi wannan ba: ya tsaya a bakin layi ya faɗi komai da bakinsa, ya kuma ɗauki kansa a bidiyo yana faɗa, ya tura ko'ina. Sai dai ba kiɗa a nasa, ba abin dariya, mutane kaɗan ne suka tura gaba. Baba bai san komai ba har yanzu. Ya dai yi wa Tela faɗan ɓacewa ba sallama.

Bayan 'yan makonni na bi ta layin, na leƙa in gaishe su. Shagon tsaf, an share, ƙugiyoyin rataye kaya yawancinsu babu komai. Tela na zaune yana ɗinka maɓalli a kafaɗar wata riga. Muna cikin gaisawa wata mata ta yi sallama, daga yadda matarsa ta tare ta na gane tsohuwar mai kawo ɗinki ce.

"Sannu da wannan abu, Tela," ta ce. "Ni dama na faɗa musu ba kai ba ne. Wallahi na faɗa."

"Na gode, Hajiya. Allah ya bar zumunci. Awon ne ya rage, in kin shirya maman yara ta shiga da ke."

Ta kalli labulen ɗakin awo. Daga nan idonta ya hau sama, ya bi kusurwoyin silin ɗaya bayan ɗaya, da sauri, kamar ba ta so a gani.

"A'a, yau sauri nake. Ba ni yadin kawai, akwai abin da zan duba a jikinsa."

Na buɗe baki zan yi magana, Tela ya ɗan girgiza min kai. Ya tashi ya ɗauko yadin daga kan kanta, ya kakkaɓe shi, ya ninke gefe da gefe yadda kusurwoyi suka haɗu, ya sa a leda. Ya miƙa mata da hannu biyu.

"Ban yanka ba, Hajiya," ya ce. "Yana nan yadda kika kawo shi."